Shingen da ya koma ƙirare daga ƙasa: nazarin gyaran fulawoyin wani gida a gefen Kano

Yadda gidan yake kafin dashe

Gidan sabon gini ne a ɗaya daga cikin unguwannin da ake yankawa a gefen birnin Kano, a kan fuloti mai ƙafa 50 da 100. An shimfiɗa interlok a kusan duk tsakar gidan, wurare kaɗan aka bari da ƙasa. Akwai ziri biyu a hagu da damar hanyar da ta taso daga get zuwa ƙofar falo, kowanne tsawonsa mita 12, faɗinsa santimita 60, sun miƙe gabas da yamma. Akwai wani zirin a gindin katangar arewa, wadda fuskarta ta ciki ke kallon kudu. Akwai ɗan fili a ƙarƙashin tagar falo, daidai inda magina suka riƙa kwaɓa siminti. Sai kusurwar famfo inda ruwan alwala ke gangarawa, nan uwargida ta kafa reshen lalle tun ana aikin rufi. Ruwan gidan na rijiyar burtsatse ne, irin wanda ke barin farin ɓawo a cikin butar shayi.

Abin da maigidan yake so bai da yawa: gajeren shinge miƙaƙƙe a gefen hanya, ƙwallayen ganye a bakin get, katanga mai fure, da ɗan ja a ƙarƙashin taga. Ya sayo duranta mai ruwan ɗorawa, wadda masu sayar da fulawa a bakin titi ke kira yalo-bush, guda 160. Bogenbiliya, fulawa mai ƙaya da dogayen rassa, guda 3 domin katanga. Iksora, gajeriyar fulawa mai jan fure, guda 10 domin ƙarƙashin taga. Duk a leda suke.

Maris zuwa Mayu, shekarar farko: dashe

An dasa a tsakiyar Maris, ana shiga bazara, lokacin da zafin rana a Kano ke doshi digiri 40. Zurfin ramukan bai wuce tsayin ledar ba, kamar santimita 15. An jera durantar santimita 15 tsakani, bisa shawarar mai sayarwa cewa haka shinge zai fi saurin haɗewa. An barbaɗa ɗanyen kashin shanu haɗe da kara a sama. Ban-ruwa kuwa yayyafi ne da tiyo safe da yamma, na 'yan mintoci.

Kafin ƙarshen Mayu kusan kashi ɗaya cikin uku na durantar ya bushe. An maye gurbinsu a watan Yuni.

Yuni zuwa Oktoba: an bar su su yi tsayi

Da ruwa ya zauna sai durantar ta zabura. An zuba yuriya sau biyu. Ba a taɓa ta da almakashi ba, domin maigidan ya ce a bari ta kai tsayin da ake so tukuna. A ƙarshen Satumba ta kai mita 1.2, amma kowane gindi sanda ɗaya ce ko biyu siraran gaske, rassan gefe kaɗan ne. A Oktoba gadina ya sare kanta da adda a tsayin mita 1, da ido, babu igiya. Bogenbiliya kuma aka fara aske ta duk wata don ta zama ƙwallo.

Nuwamba zuwa Afrilu: matsala ta bayyana

Bayan saran, toho ya fito daga idanu uku zuwa huɗu da ke ƙarƙashin wurin yankan kawai. Duk askin da aka ƙara, sai gadina ya ɗan ɗaga hannu sama da waje kaɗan don kada ya taɓa tsohon itace. Kafin Janairu faɗin saman shingen ya kai santimita 70, ya fara cin hanya, ƙasansa kuwa daga ƙasa zuwa gwiwa babu ganye, sai ƙirare, kamar tsintsiyar da aka kafa da gindinta. Ɓangaren arewa ya riga na kudu zubar da ganye.

A Fabrairu aka ga wasu fararen ƙwari masu kama da ɗigon auduga sun cika cikin kan shingen, kiyashi na hawa da sauka. An fesa maganin ƙwari daga waje sau biyu, ba su ragu ba. Gara ta kama gindi goma sha wani abu. A Maris aka yi ƙoƙarin mayar da saman baya, aka datse santimita 15 ta kowane gefe. Cikin mako guda ganyen cikin da ya saba da inuwa ya ƙone, ɓawon wasu rassa ya tsage.

Bogenbiliya ta yi kore shar, babu fure ko ɗaya, alhali ta maƙwabta ta rufe katanga da ja. Sabon ganyen iksora ya koma rawaya, jijiyoyinsa kawai suka rage kore. An ƙara mata takin zamani, abin ya ƙaru. Lalle kaɗai, wanda ba wanda ya kula da shi, ya kai mita 2.

Mayu, shekara ta biyu: bincike

Kafin a sake yanka komai sai da aka tona. A zirin hanya an haƙa rami uku masu zurfin santimita 50. Santimita 15 na sama ƙasa ce da aka zubo. Ƙarƙashinta ɓaraguzan bulo ne, ledojin siminti, marmarar da aka daddale, da guntayen katakon kafinta waɗanda gara ta mayar gida. Saiwoyin durantar duk sun tsaya a saman nan, domin yayyafin tiyo bai taɓa jiƙa abin da ya wuce 'yan santimita ba. A ƙarƙashin taga aka ɗiga ruwan kal a kan ƙasa, ta yi kumfa. Wannan alama ce ta farar ƙasar siminti. Iksora ƙasa mai ɗan tsami take so, mai lamba 5 zuwa 6 a pH, wato ma'aunin tsamin ƙasa, wanda lambarsa ke hawa idan tsami ya ragu. Idan ƙasa ta haura 7, sinadarin ƙarfe yana nan amma saiwa ba ta iya ɗaukarsa, shi ya sa sabon ganye ke fita rawaya komai yawan taki.

Zubar ganyen ƙasa kuma dalili biyu ne suka haɗu. Kan reshe mai girma yana aika wani sinadari, oksin, zuwa ƙasa, wanda ke hana idanun da ke ƙarƙashinsa farkawa. Muddin ba a cire kan ba, itacen sama kawai zai nufa. Idan aka cire, idanun da ke kusa da yankan ne ke tashi. Tunda yankan farko a mita 1 aka yi shi, a mita 1 rassa suka taru. Na biyu shi ne haske. Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Maris rana ta kudu take ratsawa, har fitowarta da faɗuwarta duk sun karkata kudu, saboda haka fuskar arewa ta shingen da ya miƙe gabas da yamma ba ta samun rana kai tsaye tsawon wata shida. Ga kuma faffaɗan kai ya ƙara mata inuwa.

Yuni: sara da gyaran ƙasa

An jira har ruwa ya zauna, ƙasa ta jiƙa sosai, a makon ƙarshe na Yuni. Aka tumɓuke gindi ɗaya aka bar ɗaya, tazara ta koma santimita 30, wato gindi 40 a kowane gefe. Waɗanda suka rage aka datse su a santimita 25 daga ƙasa, da almakashi mai kaifi ba da adda ba, yankan a ɗan karkace don ruwa kada ya kwanta a kai. Adda tana farfasa itace, fashin kuma ƙofa ce ga ruɓa da gara.

Gindi huɗu ne ba a datse ba, biyu a kowane gefe, a mita 4 da mita 8. An zaɓe su ne saboda sandarsu miƙaƙƙiya ce, rassansu sun taru a sama.

A gefe ɗaya na kowane layi aka ja kwari mai faɗin santimita 20, zurfin 40, aka kwashe ɓaraguzai da katako, aka cika da haɗin ƙasar gona kashi 2, ruɓaɓɓen taki kashi 1, yashi kashi 1. Ɗaya gefen an bar shi sai baɗi, don kada a yanke saiwa ta ko'ina lokaci guda. Takin zamani NPK 15-15-15 cikin murfin kwalbar lemo ɗaya aka ba kowane gindi, nesa da sanda da santimita 10, a farkon Yuli da tsakiyar Agusta. Aka shimfiɗa buntun shinkafa kaurin santimita 5, ba a bar shi ya taɓa sanda ba. Rassan da ƙwari suka kama an ƙone su. Kututturan aka fesa musu ruwan 'ya'yan darbejiya: giram 50 na dakakken ƙwallon a lita ɗaya ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma, sau uku, mako guda tsakani.

Yuli zuwa Satumba: gina siffa

Toho ya fito cikin mako biyu, daga ƙasa har sama. Ƙa'idar da aka bi ɗaya ce: duk sanda sabon toho ya kai santimita 15, a yanke rabinsa. Kowane yanka yana mayar da reshe ɗaya biyu ko uku, sai ganye ya taru tun daga ƙasa. An yi haka sau uku kafin ƙarshen Satumba, shingen ya tsaya a kusan santimita 50. Maigidan ya so a bar shi ya kai 70 a daminar nan, aka ce masa sai baɗi.

Don kada a koma aski da ido, kafinta ya haɗa ma'auni da siraran katako: faɗin ƙasa santimita 50, faɗin sama 30, tsayi 70. Ana ɗora shi a kan shingen, a aske abin da ya fito waje, a matsa gaba. Karkatar santimita 10 ta kowane gefe ba ta da yawa a ido, amma ta isa ta sa haske ya kai ganyen ƙasa. Layin sama kuwa igiya ce tsakanin turaku, mita 3 tsakani, an daidaita su da siririn tiyon ruwa irin na magina, saboda interlok ɗin kansa yana da gangara, wanda ya bi shi shingensa zai karkace. Ana fara askin gefe daga ƙasa zuwa sama, a ƙare da kai.

Ƙwallaye huɗu an yi su ne da gindin da aka tumɓuke. An ɗaga interlok a ƙarshen kowane layi aka buɗe fili mai santimita 80 ta kowane gefe, aka dasa gindi uku-uku a siffar murhu, santimita 20 tsakani, aka datse su a santimita 20. Gindi ɗaya yakan ɗauki damina biyu ko uku kafin ya cika ƙwallo, uku kuwa suna haɗewa da wuri. An lanƙwasa rodi mai milimita 6 rabin da'ira mai faɗin santimita 40, ana kafa shi a tsakiya ana juyawa. Tsarin askin shi ne a fara zagaye tsakiya, sannan a ja layi daga sama zuwa ƙasa ta ɓangarori huɗu, sannan a cike tsakani. Idan aka kifar da almakashin, lanƙwasar bakinsa na bin da'irar da kanta. Wurin da aka fi mantawa shi ne ƙarƙashi: in ba a shigar da yankan ciki a can ba, abin da za a samu tudu ne.

Gindi huɗun da aka bari su ne suka zama masu sanda, kai zagayayye a bisa shingen. An kafa wa kowanne rodi mai milimita 12 da aka zura cikin tsohon tiyo, domin ƙarfe tsirara yana ƙona ɓawo da rana, gora kuma gara na cinye ta. An cire duk tohon da ya fito a jikin sanda da yatsa tun yana ƙarami. Kan an rage shi zuwa rassa biyar da suka rabu ta kowace fuska, kowanne santimita 15, sannan aka bi ƙa'idar yanke rabi. Uku an ɗaure su da robar tayar keke, ɗauri biyu, an gitta robar tsakanin sanda da rodi. Na huɗu roba ta ƙare aka ɗaure shi da waya. Zuwa Satumba wayar ta nutse cikin ɓawo, iskar ƙarshen damina ta karya shi daidai wurin.

Bogenbiliya ba a sake aske ta ba. A kowace an zaɓi rassa biyar mafi ƙarfi aka cire sauran daga tushe. A jikin katanga aka ja waya marar tsatsa layi huɗu, a tsayin santimita 60, 100, 140 da 180, a kan ƙugiyoyin da suka nisanta ta da bango santimita 8, don iska ta ratsa, zafin siminti kuma kada ya dafa ganye. Ana ɗaure reshe a karkace tukuna, bayan mako uku ko huɗu a sauke shi ya kwanta a kan waya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, reshen bogenbiliya da ya ƙosa kuwa tsagewa yake yi. Reshen da ya kwanta yana fitar da ƙananan rassa a duk tsawonsa, kuma a kan waɗannan sababbin ne launi ke fitowa. Aikin yana buƙatar safar hannu mai kauri saboda ƙaya. Ba a ba ta yuriya ba.

Lalle an yi masa irin askin da masu lambun Japan suka shahara da shi, inda ake barin ganye curi-curi a ƙarshen rassa, jikin itace na bayyane. An bar sanduna uku daga cikin takwas, aka zaɓi rassa bakwai a tsayi daban-daban, ba biyu da ke fuskantar juna, aka share duk ƙananan rassan da ke tsakanin sanda da ƙarshen reshe, aka bar curi mai faɗin santimita 30 zuwa 40, ƙasansa a shafe, samansa a zagaye. Na ƙasa sun fi na sama girma. Ganyen da aka aske ana shanya shi a inuwa a daka, ya tafi ƙunshi.

Iksora huɗu sun riga sun lalace. Shidan da suka rage aka mayar cikin manyan tukwanen ƙasa, da haɗin ruɓaɓɓen ganye, ruɓaɓɓen buntu da yashi, ana ba su ruwan indararo da aka tara a duro maimakon na burtsatse mai ɗauke da farar ƙasa. Filin ƙarƙashin taga aka zuba masa tsakuwa aka jera tukwanen a kai. Ita a ƙarshen reshe take fure, don haka ba a kai mata almakashin shinge; idan fure ya bushe sai a yanke reshen a gaɓa ta biyu.

Oktoba zuwa Mayu: riƙo

Askin ƙarshe mai zurfi an yi shi a farkon Oktoba. Daga nan sai share abin da ya yi tsini, sau ɗaya a wata, ba a shiga tsohon itace. Ban-ruwa ya koma bokiti ɗaya mai lita 15 ga kowace mita ta shinge, a zuba a gindi, sau biyu a mako da hunturu, sau uku da bazara. Duk mako ana wanke ƙurar hunturu daga ganye da sassafe. Bogenbiliya daga Nuwamba sai ganyenta ya ɗan yi laushi ake ba ta ruwa, kamar duk kwana 7 zuwa 10. A Disamba launi ya fara fita a layin waya biyu na ƙasa, ya ci gaba har bazara. Lalle ya rage ganye da sanyi, curin ya yi shara-shara, ya dawo da zafi ya shigo. Ruwan duro ya ƙare a Janairu, iksora ta koma shan na burtsatse, rawaya ta dawo a sabon ganye. Feshin sinadarin ƙarfe na ganye ya rage ta, bai kawar ba.

Damina ta uku: sakamako

An gyara ɗaya gefen kwarin a Yuni. A Agusta shingen ya cika ma'auninsa, santimita 70, ganye har ƙasa ta kudu da ta arewa, sai dai ta arewa ta fi kore, ta kudu ta fi ɗorawa. Gurbi biyu da gara ta ci an rufe su ta hanyar kwantar da reshen maƙwabci a ƙasa a danne da waya har ya yi saiwa. Ƙwallaye sun kai santimita 60 da sabon rodi. Mai sandar da ya karye an zaɓi toho ɗaya daga kututturensa, aka bar masa ganyen jikinsa har ya kai mita 1.1, domin ganyen nan ne ke ƙara wa sanda kauri. Har yanzu kansa bai kai rabin na sauran ba. Bogenbiliya ta kama waya ta huɗu. Fararen ƙwarin sun sake bayyana sau ɗaya a cikin wata ƙwallo, aka cire 'yan rassa don iska ta shiga, aka fesa darbejiya.

Hukunci

Babban kuskuren shi ne barin durantar ta yi tsayi kafin a fara yanka ta. Shi ya haifar da ƙirare, faffaɗan kai, da cunkoson da ƙwari suka ɓuya a ciki. Da an datse ta a santimita 15 makonni kaɗan bayan dashe, da damina guda ba ta salwanta ba. Dashen Maris da ɓaraguzan da ba a kwashe ba su ne suka kashe tsirrai, amma ba su ne suka ɓata siffa ba. Gadinan bai yi ƙasa a gwiwa ba ko kaɗan. Adda aka ba shi, ba a ba shi igiya ko ma'auni ba, kuma babu idon da ke riƙe miƙaƙƙen layi na mita 12.

Gyaran ya yi aiki saboda an yi saran lokacin da ruwa da gajimare za su raine shi, irin saran da aka yi a Maris kuwa ya ƙone. Ya kuma yi aiki saboda kowace fulawa an ba ta siffar da ta dace da yadda take girma: duranta mai ƙananan ganye da yawan toho tana ɗaukar layi da ƙwallo, bogenbiliya mai dogon reshe waya take so, iksora ba ta son almakashin shinge sam.

Akwai abin da ya kamata mai niyyar kwaikwayo ya auna. Mita 24 na duranta na neman aski duk mako biyu zuwa uku daga Yuli zuwa Satumba. Gidan da ba mai yin wannan, gwamma ya yi shingensa da lalle, wanda ya fi jure ƙishi kuma bai kai ta gaggawa ba, ko da yake ba zai ba da ruwan ɗorawa ba. 'Ya'yan duranta masu launin lemo guba ne ga yara da dabbobi. Shingen da ake askewa a kai a kai ba ya kai wa ga yin su, amma kawunan masu sanda suna yi, dole a riƙa cire furen da zarar ya bushe. Iksora kuwa ba ta dace da wannan gida ba muddin ruwan burtsatsen nan za ta sha wata biyar a shekara. Ko a ƙara duro biyu na ruwan sama domin ta, ko a bar tukwanen ga ƙaramar bogenbiliya ja.